Baƙar giyar gona mai ƙarancin barasa da ta kwana a gangar katako: tambayoyi da amsoshi

Wannan nau'in giya ya haɗa abubuwa huɗu da ba kasafai ake samun su a kwalba ɗaya ba: launi baƙi, barasa kaɗan, yisti irin na gidajen gona, da watannin da ta yi a cikin gangar itacen ok, wani babban itace mai ƙarfi na Turai da Amurka. Kowanne yana da abin da yake bari a baki, kuma aikin mai ɗanɗanawa shi ne ya rarrabe su, ya gane wanne mai dafawa ya nufa, wanne kuma ɓaci ne.

Mece ce "giyar gona", kuma daga ina ta samo asali?

Asalinta karkarar Beljiyam ce da arewacin Faransa. A yankin Waloniya, musamman lardin Hainaut, manoma kan dafa giya a lokacin sanyi, sa'ad da aikin gona ya lafa kuma zafi ba zai lalata dahuwar ba, su ajiye ta sai lokacin girbi su shayar da 'yan ƙwadago. Sunanta saison, kalmar Faransanci da ke nufin lokaci na shekara. Tana da 'yan uwa: grisette, wadda ake dangantawa da masu haƙar ma'adinai na Hainaut, da bière de garde ta arewacin Faransa, wato giyar ajiya.

Tun da leburori ne za su sha su koma kan lauje, ba a yi mata ƙarfi. Daga baya ne ta yi ƙarfi. Saison Dupont, wadda ake dafawa a ƙauyen Tourpes kuma masu dafa giya da yawa ke kwaikwayo, tana da barasa kashi 6.5 cikin ɗari, launinta kuma ruwan zuma ne. Mai baƙin launi da ƙarancin barasa da aka tsima a ganga ta fi fitowa daga ƙananan masana'antun Amurka da suka ɗauki salon Beljiyam. Misalai biyu da aka sani su ne Bam Noire ta Jolly Pumpkin a jihar Mishigan da Commercial Suicide ta Jester King a Ostin, jihar Teksas. Dukansu ba su kai kashi 5 ba.

Ƙarancin barasa yana nufin babu barasa?

A'a. Giya ce, kuma tana sa maye idan aka sha da yawa. Ga Musulmi hukuncinta hukuncin kowace giya ne, haka nan mai juna biyu da mai tuƙi da mai shan maganin da bai jituwa da barasa duk bai kamata sunan ya ruɗe su ba. A ƙasashe da yawa, sai abin sha bai wuce kashi 0.5 ba ake rubuta masa "marar barasa". Wadda muke magana a kanta tana tsakanin kashi 2.5 da 4.5.

Lissafin mai sauƙi ne. Kwalba mai mililita 330 a kashi 3.5 tana ɗauke da kusan mililita 11.5 na tsantsar barasa, wato giram 9. Babbar kwalba mai mililita 750, wadda aka fi zuba irin wannan giya a ciki, tana da kusan giram 21. Wanda ya shanye babbar shi kaɗai ya wuce wanda ya sha ƙaramar kwalbar laga, wato giyar kwalba ta yau da kullum, mai kashi 5, wadda ke da giram 13.

In barasar kaɗan ce, daga ina ɗanɗano yake zuwa?

Nan ne gwanintar take. Barasa tana ba giya kauri da ɗan zaƙi da ɗumi a maƙogwaro, tana kuma rufe asirin kurakurai. Da an rage ta, duk abin da ya rage sai ya fito fili.

Mai dafawa yana farawa da ruwan tsiro marar kauri, wato ruwan zaƙin da aka tace daga tsiron hatsi kafin a sa yisti. A ma'aunin nauyin ruwa, wanda ke nuna yawan sukarin da ke ciki, yakan fara daga wajen 1.030, ya ƙare a wajen 1.004. Idan aka cire na biyu daga na farko aka ninka da 131, ana samun kusan kashi 3.4. Matsalar ita ce yistin saison maciyin sukari ne: da yawa daga irinsa suna fitar da wani sinadari da ke farfasa dogayen sukarin da yistin laga ke bari. Giyar sai ta bushe ƙarau, kuma busasshiyar giya marar ƙarfi tana iya zama kamar ruwa mai launi. Don haka ake ƙara alkama ko wasu hatsin Turai, rye da ots, a cikin sha'ir, saboda furotin da yauƙinsu ba sa narkewa a bakin yisti. Shi kansa yistin yana samar da giliserol, wanda ke ba harshe ɗan santsi. Sauran aikin iskar gas ce ke yi: kumfa mai yawa tana sa siririyar giya ta cika baki.

Baƙin launin fa? Ƙonawa aka yi?

Tsiron sha'ir ne da aka gasa har ya yi duhu, kamar yadda ake gasa ƙwayar gahawa. Ba a sa shi da yawa. Kashi 3 zuwa 5 na hatsin da aka yi amfani da shi ya isa ya mai da giya ruwan ƙasa mai duhu. Masu lura sukan zaɓi gasasshen tsiron da aka cire wa ƙaiƙayi, domin ƙonannen ƙaiƙayi ne ke kawo ɗaci mai kaifi. Dalilin kiyayewar shi ne tsami da ƙuna ba sa ga maciji: in suka haɗu da yawa, bakinka zai ji kamar toka a cikin ruwan tsamiya. Abin da ake so shi ne ƙamshin ƙanzo da bai ƙone ba, da ɓawon burodi, da ɗan cakulan marar sukari. Kada a sa ran nauyin baƙar giya irin Guinness. Idan aka ɗaga kofin a haske, galibi za a ga ja-ja a gefe.

Me gangar ok take ƙara wa giya?

Abu uku, kuma ba ɗaya suke da muhimmanci ba.

Na farko, ɗanɗanon katakon kansa. Idan aka babbaka cikin ganga da wuta lokacin ƙera ta, itacen yana sakin sinadarin fanila, da wani mai ƙamshin kanumfari, da ƙamshin gasasshen sukari. Itacen ok na Amurka ya fi ba da ƙamshin kwakwa da fanila; na Faransa ya fi ba da bauri da ɗan yaji. Baurin nan irin na goro ne ko shayin da ya daɗe a buta, yana kama dasashi da gefen harshe. A giya marar ƙarfi, ɗan bauri alheri ne, domin yana maye gurbin ƙashin bayan da barasa ba ta bayar ba. In ya yi yawa kuwa, sai ka ji kamar ka tauna fensir.

Na biyu, iska. Katako yana numfashi, iskar oksijin na shiga kaɗan-kaɗan ta jikinsa da ta bakin toshiya. Ƙaramar ganga ta fi shigar da iska idan aka kwatanta da yawan giyar da ke ciki. Gangar giyar inabi ta Bodo a Faransa tana cin lita 225, ta wiski irin na Amurka wajen lita 200, manyan gangunan tsaye kuwa da ake kira foeder suna cin dubban lita. Masana'antar Rodenbach da ke Roeselare a Beljiyam ta yi suna da irin waɗannan manyan, kuma girmansu ne ke sa giya ta tsufa a hankali.

Na uku, kuma shi ne babba: ganga gida ce ga ƙwayoyin halitta. A cikin ramukan katako akwai yistin daji mai suna Brettanomyces, da ƙwayoyin da ke samar da tsami irin na nono. Yawancin gangunan da ake amfani da su tsofaffi ne, sun riga sun zubar da ƙamshin katakonsu a giyar inabi ko wiski. Saboda haka idan kwalba ta ce "ta kwana a ok" amma ba ka ji fanila ba, ba a cuce ka ba. Aikin gangar yana cikin tsamin da bushewar da ƙamshin fata da ka ji.

Akwai masu jefa gutsattsarin katako a tankin ƙarfe maimakon ganga. Wannan yana ba da abu na farko kaɗai, cikin mako ɗaya ko biyu, kuma galibi ɗanɗanon yakan tsaya a sama, bai shiga jikin giyar ba.

A wane sanyi ake sha, kuma yaya ake buɗewa?

Tsakanin digiri 8 da 12 na ma'aunin Salshiyas. Firji yana kai kwalba digiri 4 ko 5, kuma a wannan sanyin ƙamshi yana kulle, sai tsami da gas kawai za a ji. A fitar da ita a bar ta minti 15 zuwa 20 a ɗaki mai sanyi-sanyi. Inda ake zafi sosai, minti 5 zuwa 10 ya isa, sauran ɗumin a kofi za ta yi shi.

Kafin ranar sha, a tsayar da kwalbar a firji aƙalla kwana ɗaya, biyu ya fi. Irin wannan giya a cikin kwalba take ƙarasa tsimuwa, don haka akwai lakar yisti a ƙasa, kuma tsayuwar ce ke kwantar da ita. A buɗe ta tana da sanyi, kofi yana kusa. In mai toshiya ce da waya, a ɗora babban yatsa a kan toshiyar kafin a kwance wayar, a kau da bakin kwalbar daga fuska, a riƙe toshiyar a juya kwalbar a hankali har iska ta fita da ɗan huci. Toshiya mai fita da ƙara kamar bindiga tana tayar da lakar, tana kuma iya ji wa ido.

Wajen zubawa, a karkata kofi, a zuba a gefensa har ya kai rabi, sannan a miƙe shi a zuba a tsakiya don kumfa ta tashi kamar yatsa biyu. A zuba a karo ɗaya ba tare da mayar da kwalbar tsaye ba, a bar kamar santimita ɗaya a ƙasa. Lakar ba ta cutarwa. Wanda yake so ya zuba ta a wani kofi daban ya ɗanɗana: za ta fi ɗaci da ƙamshin burodi, amma tana dushe ƙamshin sauran.

Wane kofi ya dace?

Na gilashi mai tumbi da ɗan ƙuntataccen baki, ko kofin giyar inabi. A wanke shi da kyau a ɗauraye, domin ragowar sabulu ko maiƙo yana kashe kumfa nan take. Idan ƙananan kumfa suka manne a jikin gilashin ta ciki, alamar datti ce. Kada a sa kofin a firiza.

Yaya ake ɗanɗanawa daki-daki?

A fara da hanci tun kafin ido, saboda wasu ƙamshin ba sa wuce minti ɗaya. Da zarar an zuba, a shaƙa gajere sau biyu ko uku. Idan aka ji ɗan warin ashana ko ƙwai, a jira. Sinadarin sulfa ne daga yisti, yakan tashi ya tafi. Sannan a duba launi da kumfa. Giyar da ta yi tsami sau da yawa kumfarta ba ta daɗewa, kuma wannan ba aibi ba ne.

A juya kofin a hankali a sake shaƙa, wannan karon ana neman hawa uku. Na hatsi: ƙanzo, gahawa marar ƙarfi, gasasshiyar gyaɗa. Na yisti: masoro, kanumfari, ɓawon lemo, wani lokaci busasshen ɗan itace kamar zabibi ko ɗinya. Na ganga: busasshen katako, fatar jima, ɗan tsami kamar kindirmo.

Kurɓin farko ba a yanke hukunci da shi, yana wanke baki ne kawai, kuma tsami kan yi kamar ya fi yadda yake. A na biyu a ɗauki kamar cokali ɗaya babba, a bar shi ya zagaya baki daƙiƙa biyar, a haɗiye, a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci. Yawancin abin da ake kira ɗanɗano a wannan numfashin yake. Daga nan a ƙirga daƙiƙa 30 kafin wani kurɓin, a lura da abin da ya saura. Mai kyau takan fara da ɗan zaƙin tsiro, tsami ya biyo, ta ƙare a bushe da ɗan bauri da ɗaci kaɗan, baki ya koma tsaf yana neman ƙari.

Abin da muka fi aunawa shi ne tsakiyar kurɓi. Giya marar ƙarfi da ba a yi da kyau ba tana da ƙamshi a farko da bauri a ƙarshe, tsakiyarta kuwa fanko. Wadda ta cika tsakiyar nan a kashi 3 ta fi burge masu sani fiye da mai kashi 10 da ta sha wiski a ganga, duk da cewa ta biyun ce ke jan kuɗi a kasuwa.

A bar rabin kofi ya yi minti goma a sake komawa. Da ɗumi, cakulan da katako ke fitowa, haka ma kurakurai.

Ta yi tsami. Ta lalace ne?

Ya danganta da irin tsamin. Na nono, mai laushi, wanda ake ji a gefen harshe yana sa yawu, shi ake nufi. Giya ta yau da kullum tana tsakanin 4.0 da 4.5 a ma'aunin tsami na pH, irin wannan kuwa takan sauko wajen 3.5 zuwa 3.9. Na binega daban ne: yana sukar hanci, yana ƙona maƙogwaro. Ƙwayoyin Acetobacter ke yin sa idan iska ta yi yawa a ganga, misali in giyar ta ragu ba a cike gurbin ba ko toshiya ta saki. Ɗan kaɗan ana yafe shi a jar giyar yankin Filandas na Beljiyam, amma siririyar giyar gona ba ta da zaƙin da zai ɗauke shi. In ya zo tare da warin ruwan goge fentin farce, ganga ta sha iska ƙwarai.

Ina jin warin bargar doki. Da gangan ne?

Sau da yawa, e. Aikin Brettanomyces ne, yistin da wani masani a ɗakin binciken Carlsberg na ƙasar Denmak ya bayyana a 1904 daga tsohuwar giyar Ingila. Ma'anar sunan "naman gwarin Birtaniya". Yana ba da ƙamshin busasshiyar ciyawa, sirdi, fata, wani lokaci abarba. A giyar inabi ana ɗaukar sa ɓaci, a nan kuwa ado ne, kamar yadda yake a giyar Orval ta sufayen Beljiyam. Iyakarsa ita ce idan ya koma warin filastar asibiti ko ƙonanniyar roba har ya danne hatsin.

Waɗanne alamu ne ke nuna ɓaci na gaske?

Mafi wuyar kamawa shi ne ɗanɗanon ɓera. Ba a jin sa a hanci, sai bayan an haɗiye da daƙiƙa goma zuwa ashirin, lokacin da yawu ya rage tsamin baki, sai wani abu kamar tsohon hatsi ko kejin ɓera ya taso. Yakan fito a giyar da aka zuba a kwalba ba da daɗewa ba, kuma sau da yawa yana gushewa bayan wasu watanni. Mutane ba ɗaya suke jin sa ba, don haka kada a yi gardama da wanda ya ce bai ji ba.

Ƙamshin man shanu da santsi a harshe yana nufin an yi gaggawar fitar da giyar, ko ƙwayar Pediococcus ta yi aiki yistin daji bai gama sharewa ba. Ita ce kuma kan sa giya ta yi yauƙi kamar kuɓewa. Ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali tsufa ne da iska da zafi suka jawo. Wari mai ɗoyi kamar na dabbar daji da ake ji tun daga buɗe kwalba, haske ne ya taɓa sinadarin furen hof, furen da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi. Koriyar kwalba ba ta kare giya kamar ruwan ƙasa, kuma minti kaɗan a rana ya isa. Warin rumfu ko ɗaki mai danshi yana zuwa daga toshiya ko gangar da ta yi fumfuna, wannan ba ya gyaruwa.

Me ya sa ta yi ambaliya da aka buɗe?

Yistin da ke ciki bai mutu ba. Idan an zuba giyar a kwalba da sauran sukari, ko an ajiye ta a wuri mai zafi, yana ci gaba da ci yana tara gas. Buɗe ta da ɗumi ko bayan an jijjiga ta yana ƙara tsananta abin. In an sayi kwalabe da yawa kuma ta farko ta yi haka, a sa sauran a firji nan da nan, domin matsin yana iya fasa kwalba.

Ana iya ajiye ta ta tsufa?

Ana iya, amma ba kamar masu ƙarfi ba. Tsami da yisti mai rai suna kare ta, ƙarancin barasa kuwa ba ya taimakawa. A wuri mai duhu, digiri 10 zuwa 13, a tsaye, takan canza da kyau cikin wata shida zuwa shekara ɗaya: ta ƙara bushewa, ƙamshin fata ya ƙaru, na gasasshen tsiro ya ja baya. Bayan haka galibi sirancewa take yi. Inda zafin ɗaki ke wuce digiri 30, firji ne kawai ma'ajiya. Kwalbar da aka buɗe a gama da ita a ranar.

Da wane abinci take tafiya?

Gasasshen nama, naman kaza, cuku mai ɗan tsufa, burodin hatsin rye. Tsaminta da gas ɗinta suna yanke maiƙo, gasasshen tsiron kuma yana amsa wa gashin nama. Kayan zaƙi suna sa ta zama tsami zalla, barkono mai zafi kuma yana shafe ta gaba ɗaya.

Tana da alaƙa da burukutu ko pito?

Ta fuskar tarihi babu, ta fuskar aiki akwai. Burukutu da pito ma daga tsiron hatsi ake yin su, dawa ko gero, kuma ƙwayoyin tsamin nono ne ke fara aiki kafin yisti ya karɓa, shi ya sa suke da tsami. Bambancin shi ne ba a sa musu furen hof, ba a ajiye su a katako, kuma ana shan su cikin 'yan kwanaki suna kan tsimuwa, yayin da ta Beljiyam an yi ta ne don ta jira watanni.

In za a gwada ta tare da wasu, a ina za a sa ta?

A farko ko ta biyu, kafin masu ƙarfi da masu ɗacin hof da masu tsami sosai, domin bayan su ba za a ji komai a cikinta ba. Launinta yakan ruɗi masu shiryawa su tura ta ƙarshe tare da baƙaƙen giya masu nauyi, kuma kuskure ne. Mililita 80 zuwa 100 ya ishi kowane mutum, wato babbar kwalba ɗaya ta wadaci mutum bakwai ko takwas. A ajiye ruwa da busasshen burodi marar gishiri a tsakani, a hana turare da hayaƙi a ɗakin, kuma kowa ya rubuta abin da ya ji kafin a fara magana, saboda da mutum ɗaya ya ce "fanila" sauran duk za su ji ta.